Yayana da Maginin da Aka Ce Ya Ɗaure Ruwa

Na Allah muke, kuma wurinSa muka nufa. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya riga mu gidan gaskiya bayan an gama ɗaurin gero, a ƙauyenmu da ke gefen Balan cikin ƙasar Gaya. Da hantsi muka kai shi makwancinsa, muka komo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ni ne babba yanzu, ni ake yi wa gaisuwa.

Jama'a ta zo, ba laifi. An zo daga Kademi, an zo daga cikin Gaya, har da tsofaffin da suka yi karatu tare da shi a Birni. Kowa ya zauna sai ya faɗi alheri, kamar yadda aka saba. Wannan ya ce mai haƙuri ne, wancan ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wani dattijo kuwa, da ya ga an yi shiru, sai ya gyara zama ya ce shi dai ya san sanadin Malam: allurar nan ce da aka yi masa a ɗakin shan magani, domin ranar kasuwa aka yi ta, bai kuwa ga wata kasuwar ba. Nan da nan aka kama. Wani ya kawo labarin ƙanin matarsa da aka yi wa allura ya mutu, wani ya kawo na maƙwabcinsa. Babu wanda ya ce ai ciwo ne ya kai su wurin allurar tun da fari. Babu wanda ya tuna da waɗanda aka yi wa suka tashi, alhali kuwa wasunsu na zaune bisa tabarmar nan suna gyaɗa kai. Mai faɗin haka a garinmu mutum ɗaya ne, shi ne kuwa muka rufe da hantsi.

Da azahar 'yarsa ta fari ta iso, ta shige cikin gida da kuka. Mijinta bai shigo gari ba. Ya tsaya can bakin hanya gindin wata ɗorawa, ya aiko a gaya mini yana gaisuwa. Na taka na same shi. Ya tsufa fiye da shekarunsa, siminti ya cinye masa tafin hannu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, yaya haƙuri?" Na ce ya taso mu shiga. Ya roƙe ni afuwa, ya ce ba ya so a tashi daga tabarmar makokin surukinsa saboda shi. Cikin dukan masu gaisuwa ban ga wanda ya biyo ni gindin ɗorawar ba.

Saboda wannan mutum na ɗauki alƙalami. Magini ne, an kore shi daga garinmu bisa zargin ya ɗaure ruwan sama, Yaya kuwa ya ƙarar da ƙarfinsa wajen hana korar da kuma neman a komo da shi. Idan ban rubuta ba, za a riƙa tuna Yaya da cewa mutum ne mai shiru. Ba mai shiru ba ne. Shirun daga baya ya zo, yana kuwa da dalili.

Mahaifinmu ya tura shi Birni yana saurayi, ya zauna a zaurukan malamai shekaru masu dama. Ya karanta fiƙihu da nahawu kamar kowa, amma abin da ya shiga ransa shi ne manɗiƙi, wato ilmin auna magana, a rarrabe wadda ta tsaya da ƙafarta da wadda aka tokare da ƙarfin murya. Da ya komo gida bai nemi alƙalanci ba, bai nemi limanci ba. Ya ɗauki fartanya ya shiga gandu tare da mu. Sai dai duk inda ake sulhu, na iyakar gona ne ko na aure ko na gado, akan aika masa.

Yana da wata al'ada da ke gajiyar da masu gaggawa. Ba ya amsa wa mutum sai ya maimaita masa maganarsa tukuna, a tsanake, sa'an nan ya tambaye shi ko haka ya ce. Idan mutum ya ce a'a, sai ya sake, har mai maganar ya yarda cewa i, haka ya ce. Gardama da yawa a nan take mutuwa, domin mutum in ya ji maganarsa a bakin wani, babu fushin da ya lulluɓe ta da shi, yakan ji kunyarta. Yaya yakan ce yawancin masu jayayya ba da juna suke yi ba. Kowa ƙaga wa ɗan'uwansa yake yi maganar da bai faɗa ba, ya zauna yana rushe ta, ya tashi yana murna.

A zamanin siyasar farko, kafin soja su karɓi mulki, muna rumfar mai goro a kasuwar Gaya sai wani ɗan jam'iyya ya ce sikelin awon gyaɗa yana cin manoma. Abokin hamayyarsa ya ce kada a saurare shi, ai ubansa majemi ne, har yanzu ƙamshin gidansu bai bar rigarsa ba. Aka fashe da dariya, aka ɗauka an gama da shi. Yaya na zaɓen goro, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "An ce sikeli na ci, kai ka ce ubansa na jima. Labarin uban mun ji. Saura labarin sikelin." Ɗan majemin ya ji daɗi, ya taso yana cewa lalle duk wanda ba ya cikin jam'iyyarsu maƙiyin talaka ne. Yaya ya juya gare shi, ya ce shi ga shi ba ya tasu, ba ya ta wancan, ga shi kuma talaka da kaushi a ƙafa, to a wane kwando aka ajiye shi? Duka biyun suka tafi suna jin haushinsa. Ya ƙulle goronsa muka kama hanyar gida, yana dariya har muka wuce kududdufin bayan gari. A wancan zamani yana dariya ƙwarai.

Maginin nan mutumin Toranke ne, ta wajen Ajingi. Wani rani ya zo garinmu aka ba shi aikin soron masallaci, ya jera azara ya yi rufi, ya yi yaɓen makuba wanda har yau bai zuba ba. Ya ga 'yar Yaya a hanyar rijiya, ita ma ta gan shi, manyansa suka zo neman aure. A al'adarmu baffa ke ba da 'ya, ba uba ba, saboda haka maganar a hannuna take, na kuwa ƙi. Na ce gidanmu gidan karatu ne da noma, kakanninmu ba su taɓa ba mai kwaɓa ƙasa 'ya ba. Na ƙara da cewa mutanen Toranke ba su da riƙon amana, domin tun muna yara wani daga can ya ari jakin mahaifinmu ya komo da shi yana ɗingishi.

Yaya ya maimaita mini duka biyun. Sa'an nan ya nuna kekena da ke jingine a zaure, ya tambaye ni wane ne cikin kakanninmu ya bar mini shi gado. Game da jakin kuwa, ya ce mutum ɗaya ne ya ara, shi ma ya daɗe a kabari, ni kuma na ɗaure gari guda da igiyarsa. Na tashi na bar masa zauren. Mu da muke cin tuwo a akushi ɗaya tun tashinmu, aka riƙa raba mana kwano har aka yi kasuwa aka sake.

Shi ya zo mini, da goro a hannu. Ya ce na bar hujjata mai ƙarfi na ɗauko raunana. Hujjar da ta cancanci amsa ita ce, magini yawon rani yake yi, ba shi da gona a garinmu, yarinya za ta zauna ita kaɗai babu rumbu. Ya ce wannan ita ce damuwata ta gaskiya, kunyar faɗinta ce ta sa na laɓe bayan kakanni. Haka yake yi wa duk wanda ya kayar, ba ya barinsa a ƙasa, sai ya bi shi ya gyara masa hujjarsa. Kana ya amsa ta da kansa: ya yanki gefen gonarsa ta gabas, mai kyawun ƙasa, ya ba yaron ya noma. Na ba da 'yar. Har yau ina ganin asali ba abin wasa ba ne, amma yaron bai taɓa ba mu kunya ba.

Suka zauna shekaru, suka haifi 'ya'ya, duk a ɗakin kara, domin mai gina wa mutane ba ya samun ranin kansa. A shekarar babban farin nan da ya biyo bayan yaƙin basasa ya ƙudura sai ya yi wa matarsa soro. Ya gama aikin mutane, sai da bazara ta shigo ya fara nasa. Ya tayar da bango, ya buga sauran tubali ya shanya, saura rufi. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Daga nan sama ta ɗauke. Gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa ya ƙone. Kullum da la'asar hadari yakan haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, mata su fito da tukwane, sai iska ta taso ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, aka juya riguna, aka yi sadakar gumba. Aka sake fita. Shiru.

Akwai wani tsohon zance a ƙasarmu, cewa mai ginin da bai rufa ba yana iya yin asiri ya ɗaure ruwa, don kada tubalinsa ya narke. A shekarar ƙoshi abin ba'a ne, akan tsokani magina da shi a wurin gayya. A wannan shekara babu wanda ya yi dariya. Wani ya ce ya ji magini na duban sama yana cewa Allah Ya sa ya rufa kafin ruwa ya yi ƙarfi. Wani ya ce ran nan hadari ya haɗo bai lulluɓe tubalinsa da zana ba, ashe ya san ba za a yi ba. Kafin Juma'a ta zagayo, maganar ta gama gari.

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Sarkin noma ne ya yi magana a madadin jama'a, mutum ne kuwa mai mutunci wanda ba a san shi da zalunci ba. Ya ce a garin nan duka mutum ɗaya ne ke amfana da rashin ruwa, tun ranar da ya buga tubali ruwa ya ɗauke, kuma ba mutum ɗaya ke faɗa ba, kowa ya faɗa. Liman ya ce ruwa a hannun Allah yake, aka ce masa haka ne, aka wuce. Magini na durƙushe a tsakiya, hularsa a hannu.

Yaya ya nemi izini. Ya bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, muryarsa a kwance. Ya ce wanda abu ya yi wa daɗi ba lalle shi ya aikata shi ba, in ba haka ba a kama mai sayar da likkafani duk ranar da aka yi mutuwa. Balle ma abin bai yi wa yaron daɗi ba, geronsa na gonar gabas ya ƙone kamar na kowa. Aka ce ai don ya ɓatar da sawu ne ya bar nasa ya ƙone. Yaya ya ce a ranar da aka buga tubalin nan an yi suna a unguwar ƙofar yamma, an kuma haifi ɗan maraƙi a garken mai unguwa, me ya sa aka zaɓi tubali aka bar jariri da maraƙi? Zuwan abu bayan abu ba ya nuna na farkon ne ya haifi na biyun. Ya ce kuma a Kademi babu ruwa, a Gaya babu, fataken da ke zuwa daga arewa suna cewa can shanu ne ke faɗuwa a hanya. Tubalin ɗaki guda ne ya ɗaure wannan duka? Game da cewa kowa ya faɗa, ya roƙi duk wanda ya gani da idonsa ya ɗaga hannu. Babu hannun da ya tashi. Kowa daga wani ya ji.

Ya tambayi zancen zana. Aka ce bai lulluɓe ba, don ya san ba za a yi ba. Ya ce to shekaranjiya ai ya lulluɓe, shi da kansa ya taya shi. Aka ce wannan kuma don a gani ne. Magini ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse. Sarkin noma ya girgiza kai, ya ce wanda ya iya hana bayin Allah ruwa, rantsuwa ba za ta ba shi tsoro ba.

A nan ne na ga Yaya ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi a wurin sulhu. Ya ce, "Ya lulluɓe, laifi. Bai lulluɓe ba, laifi. Ya rantse, maƙaryaci ne. Da ya ƙi, kun ce ya ji tsoro. Ku faɗa mini abu ɗaya tak wanda in ya yi shi za ku ce ba shi ba ne."

Daga baya can wani ya ce ai dole Malam ya faɗi haka, surukinsa ne.

"Surukina ne," in ji Yaya. "Ku ɗauka baƙo ne ya sauka daga mota ya faɗi abin da na faɗa. Ku ba baƙon amsa."

Wanda ya amsa ba mai gardama ba ne. Wani maƙwabcinmu ne, mai iyali da yawa, wanda ya riga ya shuka irinsa na ƙarshe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, mun san ka fi mu magana. Amma 'ya'yana ba za su ci manɗiƙi ba." Yaya ya ce gaskiya ne, korar magini ma ba za su ci ta ba. Amma na ga fuskokin mutane, na san maganar maƙwabcin ce ta shiga.

Mai unguwa ya yanke abin da ya ɗauka adalci ne. Ya ce magini ya bar gari. In ruwa ya sauka bayan tafiyarsa, to shi ne. In bai sauka ba, ya komo. Yaya ya ce damina ake ciki, ruwa zai sauka ko ya tafi ko ya zauna, saboda haka an riga an hukunta shi ke nan, an dai jingina hukuncin a jikin abin da ba makawa sai ya auku. Ya roƙa a juya gwajin: a bar shi ya zauna, in ruwa ya sauka yana gari, ya kuɓuta. Mai unguwa ya ce jama'a ba za ta iya jira ba. Kafin magariba samari suka bi tubalin nan da taɓare.

Yaya ya ɗauko magini da iyalinsa duka ya ajiye a gidansa, ya ce babu mai fitar da baƙonsa. Dabararsa ke nan, su daure har ruwa ya sauka suna gari. Sai dai rijiyar garin ɗaya ce ta rage da ruwa, mata kuwa suka hana 'yarsa guga. Mai koko ta daina sayar musu. Matan gidanmu ma aka fara juya musu baya. Wata safiya 'yar ta shigo zaure da tulu babu kome a ciki, ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, hujjarka ta fi tasu, kowa ya sani. Amma yara tun jiya ba su sha ruwa ba sai wanda Inna ta rage musu." Ya ce su ƙara haƙuri kaɗan, sama ta yi nauyi. Ta ce ta yi nauyi jiya ma. Da hantsi suka ɗaura kaya bisa jaki suka nufi Toranke. Ya raka su har ƙarshen gonar gabas.

Ba a sake cin kasuwa ba ruwa ya sauka, mai yawa, har kududdufi ya cika. Mata suka yi guɗa. Sarkin noma ya zo zauren Yaya, ba don ba'a ba, da ladabi ya zo, ya durƙusa ya ce, "Malam, ka gani." Yaya ya tambaya ko an yi ruwan a Toranke. Aka ce an yi, har ya fi namu. Ya ce to ai maginin can yake. Sarkin noma ya ce da ya ga an gano shi ne ya kwance ɗaurin. Ruwan kuma ya zo a makare, gero bai yi ba a shekarar, aka ce ɗaurin ne ya daɗe.

Labari ya riga magini isa garinsu. Babu wanda ya kore shi can, amma babu mai ba shi gini, kowa na tsoron a ce a gidansa aka ɗaure ruwa. Mutumin da ya yi soron masallacinmu ya ƙare a Birni yana ɗaukar bulo a ka, ƙarƙashin yaran da ba su kai ya ba su cokalin yaɓe ba a da. Kowace shekara Yaya yakan sa rigarsa ta Juma'a ya tafi wurin mai unguwa neman a kira shi ya komo. In da damina ne, a ce a bari ta wuce lafiya tukuna. In da rani ne, a ce a bari a ga yadda za ta faɗi. Aka daina aika masa wurin sulhu, shi ma ya daina tambaya. Gonar gabas ya hana kowa nomawa, har ta cika da sabara. Ya taɓa ce mini da can ya ɗauka in ka nuna wa mutum inda maganarsa ta karye zai sake ta, bai sani ba mai jin yunwa ba don ƙarfinta ya riƙe ta ba.

Daminar bana ruwa ya sake yin jinkiri, Yaya na kwance, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. A ƙofar masallaci na ji ana lissafin waɗanda ke da ginin da ba a rufa ba. Mutum ɗaya aka samu, wani mai saƙa da ya fara ɗaki don auren ɗansa. Na komo na gaya wa Yaya, ina tsammanin zai ce a tallabe shi a kai shi ƙofar mai unguwa. Ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗaki. Can ya ce, "Je ka gaya masa ya rushe da hannunsa yau. Kada ya jira taro."

Na ce, "Yaya, ba za ka yi musu magana ba?"

Ya ce, "Na yi."

Na tafi na gaya wa mai saƙar. Bai tambaye ni dalili ba. Ya kira ɗansa suka ɗauko gatari, kafin la'asar bangon ya kwanta.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da abin da muka kasa saka masa. Ya kuma hukunta tsakanin surukinsa da garinmu a ranar da yawan baki ba ya zama shaida.